Kitsonki Da Matan Dutse

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Lami mai kitso,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, a durƙushe. A makaranta an koya mana daga nan sai a rubuta "da fatan kina lafiya kamar yadda nake," to ga shi ko ɗaya bai shiga ba. Ke kin riga mu gidan gaskiya, ni kuma in na ce lafiya ƙalau nake, kin san ƙarya ba ta yi min kyau a baki. Don haka na tsallake wannan layin. Na san masu leƙa shafina za su karanta, har da Yaya Sani da zai ce me ya kai ni tallar kai. Su karanta. Da ke nake, Umma.

Dalilin rubuto miki shi ne in sanar da ke na tsefe kaina. Na san za ki ce yau kuma tsifa ce ta zama labari har da wasiƙa. To kitsonki ne, wanda kika yi min ana saura 'yan kwanaki azumi, bai kuma bar kaina ba sai bayan babbar salla. A Indiya na tsefe shi, ranar da na dawo daga gidan gumaka. Kar ki yi salati tukuna, bari in bi miki shi daki-daki.

Kin tuna saukarku Dubai ke da Yaya Sani, a hanyarku ta zuwa asibiti a Bangalore. Shi ya kwana wajen abokansa 'yan kago masu tura kaya gida, ke na kawo ki ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz, inda mu huɗu muke kwana gado kan gado. Kika tsaya a bakin ƙofa kika ƙare masa kallo, kika ce, "Auta, nan ce Dubai ɗin? Ai akurkin kajina ya fi nan iska." Kavita, 'yar Indiyar da muke aiki shago ɗaya, ita gyaran gira ni kitso, ta bar miki gadonta na ƙasa. Ba kya jin yarenta, ba ta jin naki, amma kafin magariba kin koya mata cin goro, ta tofar, kin yi dariya har da tari.

Duk zaman nan hannunki na hagu yana cikin mayafi. Na tambaye ki, kika ce sanyin na'urar nan ne yake shigar miki ƙashi. Na tashi na rage sanyin, ban sake bi ta kai ba.

Washegari na ɗauki hutu. Ni na fara yi miki, shuku ƙanana sosai, don ya kai ki har a sallame ki ba tare da kin nemi makitsiya a ƙasar mutane ba. Da na gama kika fizge min ɗankwali kika ce, "Kina gyara kawunan mutane, naki kamar an yi dambe a kai. Zauna." Kika hau bakin gado, na zauna a ƙasa, na ɗora kai a cinyarki. Na ji kibiyarki ta ja tsagar farko daga goshi, na ji ƙamshin man kaɗe da turaren zanenki. Daga nan ban san inda nake ba. Tun ina ƙarama haka nake, da an taɓa min kai sai barci. Na farka har kin ɗaure min ɗankwali, kina cewa kar in buɗe sai gobe, ya kwanta.

Azumi bai yi nisa ba Yaya ya kira. Ina shagonmu na Al Sabkha, kan wata Hajiya 'yar kasuwa a hannuna, tana ta mita kwantenarta ta maƙale. Na saƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa. Ya ce, "Binta, sai haƙuri. Umma lokaci ya yi." Na ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa kalabar da nake yi. Hajiyar ta duba madubi ta ce ya yi kyau. Na ce mata Allah ya sa a kashe lafiya.

Fasfona yana wajen Madam mai shagon, bizar Indiya kuma ba a bayar da ita rana ɗaya, gawa kuwa ba ta jira. A can aka yi miki sutura, a maƙabartar Musulmin garin. Yaya ne kaɗai namu a sahu.

Ban yi kuka ba, Umma. Gara ki ji daga bakina. Na jira shi ranar, na jira shi ranar uku, na jira ranar salla da na ga 'yan Zangon Ghana na benenmu suna kiran iyayensu mata a waya. Bai zo ba. Ina tashi, ina salla, ina hawa bas, ina kitso, ina cin abin da aka ajiye a gabana. In an yi min gaisuwa in amsa yadda ake amsawa. Ba baƙin ciki nake ji ba, ba komai nake ji ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Abu ɗaya na sani, ba mai taɓa min kai. In zan yi wanka sai in kwarara ruwa a hankali, ba na cuɗawa, ba na barin yatsuna su bi layin, don ina tsoron ya saki. Ke kin san zafin garin nan a irin wannan lokaci, daga ƙofar gida zuwa tashar bas mutum ya jiƙe sharkaf. Gashi ya tofo a ƙasa, kitson ya ɗago, amosani ya taru, ƙeya ta fara ƙuraje. Sai na ƙara ɗankwali a kan ɗankwali, ina fesa turare. Ni da nake yi wa masu zuwa shago faɗa in sun bar kitso ya wuce wata.

Kuma ba don ban san maganarki ba. Sau nawa na ji kina faɗa wa matan unguwa a tsakar gidanmu, "Kitso baƙo ne, ba ɗan gida ba. In ya ƙi tafiya, gashi yake ci." Na sani sarai. Amma shi kaɗai ne abin da hannunki ya taɓa da ya rage min a garin nan.

Bayan babbar salla Madam ta kira ni bayan labule. Ba muguwa ba ce, ta yi haƙuri da ni iya nata. Ta ce, "Habibti, kastoma suna magana. In kin sunkuyo kansu suna jin wari. Ga fasfonki, je ki hutu, ki ga kabarin Mama. Amma in kika dawo da kan nan, khalas, shi ke nan, sai in soke biza." Na ce to. Ko haushinta ban ji ba. Na san dai aikin nan shi ke riƙe da gida tun rasuwar Baba, na kuma san ba zan tsefe ba. Yadda biyun za su haɗu, ban tsaya tunani ba.

Kavita ma hutunta ya zo, garinsu kuma tafiyar rabin yini ce daga inda kike. Ita ta yi min jagora.

A can ma mata ba sa shiga maƙabarta, kamar dai gida. Daga bakin katanga mai gadi ya miƙa hannu ya nuna min wani tudun jar ƙasa a cikin tuddai. Ban tabbata wanda ya nuna nake kallo ba. Na ɗaga hannu na karanta abin da ya sawwaƙa. Ina addu'ar ina kallon wani hankaka yana ta fama da ɓawon ayaba a kan katangar. Na yi tsammanin nan ne abin zai fashe, na ƙetare teku saboda shi. Sai na ji yunwa kawai nake ji.

Mai gadin ya kai mu gidan tsohuwar da ta yi miki wanka, wata 'yar firit mai lalle a gashi. Kavita ce ke fassara. Tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce ba za ta manta da ke ba, saboda kanki. Wai ba su taɓa ganin kitso ƙanana haka ba, sun rasa ta ina ake farawa, sai da allura suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, maza suna ta ƙwanƙwasa ƙofa lokaci na tafiya. Da suka gama suka wanke, suka raba shi uku yadda aka saba yi wa mamaciya. Ta ce, "Wadda ta yi kitson nan, ko dai tana tsananin sonta, ko tana jin haushinta." Na ce ni ce. Ta dubi ɗankwalina, ta dube ni.

Ke ce ake aikowa a kira in mace ta rasu a unguwa. Ki ɗauki kibiyarki ki saƙale a gefen zane, kina cewa, "Ba a tafiya da ƙulli a ka." Ashe ke ma an kwance miki nawa tun ranar. Na ji wannan, na ajiye shi a inda nake ajiye komai.

Gidan su Kavita na yi kwanaki a zaune a baranda, ina kallon bishiyar kwakwa. Uwarta, da kowa ke kira Amma, wato uwa a yarensu, ta gaji da ganina haka. Wata safiya ta ce su za su je ibada wani tsohon ɗakin bautarsu da ke kusa, kuma ba za a bar baƙuwa ita kaɗai da bango ba. Da ina cikin hayyacina da na ce a'uzu billahi, me zai kai 'yar Hajiya Lami. Amma lokacin ko kasuwar shanu aka ce in bi, bi zan yi.

Bari in kwantar miki da hankali. Ban shiga ciki ba, ban durƙusa wa komai ba, ban karɓi jan abin da suke ɗigawa a goshi ba. Su suka shige da furanni da kwakwa, ni na tsaya waje. Ashe abin kallon ma a waje yake.

A bakin ƙofa ake cire takalmi, dutsen kuwa ya sha rana, sai ga ni ina ɗage ƙafa ɗaya bayan ɗaya har na samu inuwa. Ginin ba shi da tsawo sosai. Baƙin dutse ne mai ɗan kore-kore, a kan wani dakali mai faɗi, bangon yana shiga yana fita, lungu bayan lungu. Umma, babu wajen da za ki ɗora tafin hannu a bangon nan ba ki taɓa sassaƙa ba. Daga ƙasa giwaye ne a jere sun zagaye ginin, kowace da yadda ta karkata hancinta. Samansu dawakai, samansu ganye da furanni, sannan mutane: masu kiɗa, masu yaƙi, masu rawa, wani da hannaye rututu kowanne riƙe da makami. Wasu an farfasa musu fuska.

Akwai wani mai yi wa baƙi bayani, da ɗan madubi a hannu yana haska rana cikin lungunan da ido ba ya kaiwa. Na raɓe a bayan ayarinsa. Na tsinci cewa ginin ya yi ɗaruruwan shekaru, wai kuma dutsen da laushinsa ake haƙo shi, a sassaƙa, iska ce ke ƙarfafa shi daga baya. Sauran labarin allolinsu ne, ya bi ta bayan kunnena. Ina tafe ina kallo yadda nake kallon manyan benayen Dubai ta tagar bas. Ga shi dai, an yi aiki.

Sai ya haska madubin sama, ƙarƙashin rufi, inda aka jera mata.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mutane suna kallon ƙugu da sarƙa da awarwaro, ni kai na kalla. Umma, kitso ne. Kitso na gaske, a dutse. Ga tsaga a miƙe kamar da kibiya aka ja. Ga tufka ta faro da kauri tana sirancewa har jela, silin dama ya hau na tsakiya, na hagu ya hau shi, ba a yi kuskure ko ɗaya ba. Wata an tattara mata shi a ƙeya an naɗe, wata an ɗaga shi tsakiyar ka kamar kitson doka irin na kakanninmu, wata an saƙa mata furanni a ciki. Har ɗan gashin gaban kunne da ke ƙin shiga kitso an fitar da shi. Duk wanda ya yi aikin nan ya zauna kusa da makitsiya, ko uwarsa ko matarsa. Ba a sanin wannan daga nesa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga mai riƙe da madubi tana duba kanta. Ga wadda biri ya kama wa gefen zane tana ɗaga masa reshe. Ga wadda fuskarta ta tafi gaba ɗaya, ba hanci ba baki, amma kitsonta yana nan ko sili bai fita ba. Na tsaya a gabanta. Na ce a raina, ga abin da nake so ke nan, kitson da ba ya tsufa.

Sai na ji ki. Ba wai na ga wani abu ba, kar masu karatu su ce Binta ta taɓu. Na dai san abin da za ki ce da kina tsaye kusa da ni, hannu a haɓa: "Oh ni Lami! Wannan baiwar Allah ko ƙaiƙayi kanta ba ya yi?"

Dariya ta kuɓuce min, wata busasshiya, har wani Bature ya waiwayo. Kafin in rufe baki kaina ya ɗauki ƙaiƙayi, irin wanda na yi watanni ina dannewa, tun daga goshi har ƙeya. Na dafe ɗankwalin da hannu biyu.

A lungu na gaba akwai wata daban. Ita nata a kwance yake. Ta fito daga wanka, ta karkato da kai gefe, ta tattaro gashin duka ta kan kafaɗa tana matsewa, har ɗigon ruwan an sassaƙa a bakin jelar. Ba ado a kanta, ba fure. Kin san numfashin da mace ke saukewa in an gama mata tsifa aka zuba ruwan farko, ta ce wash? Shi ne a fuskarta. A nan Kavita ta same ni, ƙafata ta yi zafi ban sani ba. Na ce mata ta tambayi Amma ko akwai man kwakwa a gida.

Bayan la'asar na zauna a barandar baya. Uwar Kavita ta ɗumama man a ɗan kwano, ta shimfiɗa min tsohon zane a cinya. Da na cire ɗankwali na biyu ta ja numfashi, amma ba ta kau da kai ba. Na ciro kibiyata daga jaka.

Daga gaba na fara, ta dama, inda kike farawa. Hannunki ne sak. Duk da watannin da ya yi, sai da na yi da gaske kafin ya saki, don ke ba kya kamun wasa. Ina warwarewa gashin yana biyo yatsuna, dunƙule-dunƙule. Uwar Kavita tana ɗiga mai, tana tsince abin da ya zube.

Da na kai tsakiya na ji kamun ya sassauta. Na ce tsufan kitson ne. Na ci gaba, layi bayan layi, har na gangara ƙeya ta hagu, inda kike ƙarewa. Na sa kibiya ina neman sili na uku in zaro. Babu. Na sake lalubawa. Na koma na kusa da shi, shi ma babu. Layukan ƙarshe duka ba kitso ba ne, Umma. Sili biyu ne kika murɗa kamar igiya, kika lanƙwasa bakin kika cusa a ƙarƙashin na sama don kar a gani.

Ke da kika taɓa sa ni na kwance kan amarya guda saboda tsaga ɗaya ta karkace.

Sai hannun nan na cikin mayafi ya dawo min. Ba sanyin na'ura ba ne. Yatsun ne suka daina riƙo, kin sani tun daga gida, kin ɓoye. Kin fara da ƙarfin hali, ya kai ki rabi, ya ƙare. Kika zauna da kan 'yarki a cinya, da hannu ɗaya da rabi, kika ƙarasa da abin da ya rage miki. Sannan kika ɗaure min ɗankwali kika ce kar in buɗe.

Na daɗe riƙe da murɗin nan biyu. Ba su buƙaci kibiya ba ma, ina saki suka warware da kansu.

Abin da ya rage a kaina bai kai a kama ba, sai da Kavita ta sa almakashi. Uwarta ta wanke min da ruwan ɗumi, tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Gashin da ya zube na tattara shi kaf, don kin hana mu barin gashi iska ta ɗauka, na tona rami a gindin kwakwar na rufe. Yanzu ni ma ina da wani abu a cikin ƙasar da kike.

Na dawo Dubai. Madam ta ɗaga ɗankwalina ta leƙa, ta ce, "Mashallah. Yalla, kastoma na jira." Aiki yana nan, gida ba zai rasa ba. Kaina kamar na ɗan yaro, ƙurajen sun bushe. In na ce miki na warke na yi ƙarya. Har yanzu kukan da mutane ke jira ban yi shi ba, ranaku da yawa ƙafar nan a sage take. Sai dai wani lokaci ina tsakiyar aiki, in yatsana ya ɗauko sili na uku, sai in dakata, in ce wa mai kan ta ɗan gyara zama.

Ban rubuto don in yi miki ƙorafi ba. Magana ɗaya ce take cina, ba ni kuma da wanda zan faɗa wa sai ke. Ina nan a cinyarki, Umma. Taɓa ni kawai za ki yi. Da kin tashe ni, da na miƙo hannu ta baya na riƙe miki na ukun.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya yalwata miki makwanci a ƙasar da ba kya jin yarenta. Allah ya saka wa tsohuwar da ta zauna da allura a kanki, ya saka wa duk wanda ya tsaya a sahunki bai san sunanki ba. Yadda kika rufa wa matan unguwa asiri a ranarsu ta ƙarshe, Allah ya rufa miki. Ya mayar miki da ƙarfin hannunki a Aljanna. In ya ƙaddara mun haɗu, gashin ya tofo kafin nan, kuma wannan karon ba zan yi barci ba.

Wassalam.

Autarki,
Binta
Hor Al Anz, Dubai